Waldar da Ba Ta Ɓallewa

Mai walda na bakin layi ba shi da abin alfahari a duniya sai guda ɗaya: abin da ya liƙa ba ya ɓallewa. Ƙofa ce, taga ce, ƙafar kujera ce, in ya sa mata wuta an gama magana. Tun yana saurayi yake wannan cika baki, kuma ba ƙarya yake yi ba.

Shi ya sa da yayan matarsa ya samo ɗan kwikwiyo don gadi, wurinsa ya kawo aikin sarƙa. Ya ce kada a sa kwaɗo a zoben wuya, ɓarawo zai buɗe, a liƙe kawai. Mai walda ya naɗe wuyan da jiƙaƙƙen tsumma, ya liƙe. Manyan mutane biyu, babu wanda ya tuna kwikwiyo girma yake yi, ƙarfe kuwa ba ya yi.

Duk sanda ya raka matarsa gaisuwa gidan, sai ya tarar da karen a bayan ɗakin girki, cikin rana, kwanon ruwansa a kife. Gashin wuyan ya zube, zoben ya fara nutsewa cikin nama, ƙudaje sun samu wurin zama. Abin ya riƙa ci masa rai.

"Yaya, zoben nan ya matse shi. Bari in zo in yanke."

"Haba, kare ne fa! Ka bari sai an samu lokaci."

Lokacin bai taɓa samuwa ba. A gida kuma matarsa ta ce, "Don Allah, maigida, kada ka haɗa ni da Yaya a kan kare."

Ranar da wari ya tare shi tun daga ƙofar gidan, ya juya shago ya ɗauko almakashin yankan ƙarfe, bai nemi izinin kowa ba. Ya lalubi inda waldar ta yi rauni, babu. Karen na kuka, shi yana zufa yana tsine wa hannunsa, da ƙyar ƙarfen ya rabu.

Karen ya miƙe, ya taka zuwa daidai inda sarƙa ta saba tsayar da shi, ya tsaya cak. Ga ƙofa a buɗe, ko kallonta bai yi ba.

Yaya ya yi dariya. "Ka gani? Shi ma ya saba. Gobe ka yi mana wani mai ɗan faɗi. Ai aikinka ba ya ɓallewa."

Mai walda ya dubi zoben da ke hannunsa, gashi da jini manne a jiki. Tun da yake, ba a taɓa yabon aikinsa ya ji kamar an zage shi ba sai ranar.