Tsaftar da Ta Kashe Tarwaɗun Gwaggo

Mun tashi da asuba daga Fatakwal, ni da yayana, za mu Inugu ganin kiwon kifin gwaggonmu. Ta Anacha muka bi don ya sauke kaya a kasuwar Ochanja. Kuɗin mota ya hau, ramukan hanya kuma sun hana ni kallon daji yadda nake so. Na rarrashi kaina da okpa mai zafi, alalar gurjiya ke nan, mai sayarwa tana ta kirana amarya.

Da la'asar muka isa Abakpa Nike, unguwar Gwaggo a Inugu. Wata uku Gwaggo tana ba ni labari ta waya: tankuna biyu a bayan gida, ruwa ya bar wajen tarwaɗa, ya ratsa durom cike da tsakuwa, inji ya dawo da shi garau, ba a zubarwa. Tun rasuwar mijinta, wannan ce sana'ar farko da ta kira tata. Ni dai na zo in zauna in saurari ruwan yana kewayawa.

Wari ne ya tarye mu. Tarwaɗa sun juyo ciki sama, sauran suna haki a fuskar ruwa.

"Gwaggo, me ya faru?"

"'Yar nan, baƙi zan yi. Na ga tsakuwar ta yi yauƙi, na ce ba za ku tarar da ƙazanta ba. Shekaranjiya na wanke ta tas da bilic da tafasasshen ruwa."

A cikin yauƙin nan ƙananan halittun da ke cinye gubar kashin kifi suke zaune. Babu wanda ya taɓa faɗa mata. Na kira mutumin da ya haɗa tankunan a waya.

"Haba Hajiya, ai na yi wa ƙanin mijinta bayani."

"Shi ke ba su abinci? Shi ke duba injin?"

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Matar da ke wanke tabarma don baƙo, ka bar mata abin da bai son wanki, ba ka ce mata uffan ba?

Muka kwashe matattun, muka canja rabin ruwan da bokiti. Kaɗan suka tsira. Gwaggo kuwa haƙuri take ba ni: "Da farfesu na so in yi miki."

Na dawo Fatakwal raina bai huce ba. Abin da na koyo shi ne, bayanin da aka yi wa wanda bai taɓa ruwan ba, ba a yi shi ba. Gwaggo ta sake zuba ƙananan kifi, kuma ta yi rantsuwa ko surukai ne za su zo, yauƙin nan za su tarar.