Leƙen Na'urar Kalilu

Kalilu mai gyaran inbata ta wutar sola a Daura, in abu ya shige masa duhu, ko tuwo ba ya ciyuwa sai ya gano kansa. Tun yana gyaran rediyo haka yake. Bara ya sayo wata tsohuwar na'ura a Kano, osiloskof sunanta, mai zana tafiyar wutar lantarki a gilashi. Kai, ji yake da ita!

Ana nan sai famfon sola na wani ƙauye wajen Mashi ya fara mutuwa da tsakar rana, mata na tsaye da jarkoki. Aka kira shi. Ya jona na'urar, ya sa ta zana masa wutar minti goma cur, wai don kada komai ya wuce shi. Layi ya fito sumul.

"Wuta lafiya lau take," in ji shi. "Hannu ne ke kashewa."

Nan take aka zargi Isyaku, dattijon da ke gadin famfon. Mai unguwa ya ce ranar Juma'a za a karɓe makulli daga hannunsa.

A shago abin ya dami Kalilu. Me ya sa wata 'yar lamba a gefen gilashin take raguwa duk lokacin da ya ƙara tsawon kallo? Ya murɗa, ya sake murɗawa, ya taɓa waya ya saki da sauri, gilashin bai nuna komai ba. Ashe na'urar ba zura ido take ba, leƙe take yi, tana adana kowane leƙe, ma'ajiyarta kuwa 'yar mitsitsiya. Ka ce minti goma, sai ta rarraba leƙen nesa-nesa don ya isa; yawan leƙen ne lambar ke nunawa. Kamar mai shanyar gero da ke leƙowa daga ɗaki jefi-jefi, kaza ta ci ta gudu bai gani ba. Ashe ya sa an zargi Isyaku a banza.

Ranar Alhamis ya koma, ya gajarce lokacin, ya sa ta jira sai wuta ta faɗi. Rana tsaka na'urar ta kama: wuta ta yanke ta dawo cikin ƙiftawar ido. Wata waya ce ke saki in ta ɗau zafi, sai famfon ya mutu.

Ya durƙusa gaban Isyaku, kunya kamar ya nutse. "Baba, ka yafe ni."

"Na yafe," in ji dattijon. "Amma a gaban jama'a ka faɗa. Tashi mu je gabansu."