Motar da Za Ta Kai Inna Tsibiri

Ladan bai ida kiran assalatu ba muka bar ƙofar gidanmu a Sabon Birni, ni da wani abokina tsohon direban lori. Na roƙe shi ya raka ni ne domin shi ya san cikin mota, ni kuwa fatar akuya kaɗai na sani. Ku da kuke tare ni a kasuwa kuna tambayar yadda aka yi mai sayen fata ya wayi gari da mota irin ta Turawa, to ga labarin tun daga tushe.

Shagona yana Isa, iyalina suna Sabon Birni. Shekara da shekaru ina kai da kawo tsakaninsu, wani lokaci bisa doki, wani lokaci bisa keke, sai in daɗe ban kwana gida ba. Da so samu ne da na kwashe iyali mun koma Isa, amma Inna, mahaifiyata, ba ta barin ɗakinta. Ƙafafu sun ƙi, baya kuma ko tabarma ce ta naɗe a ƙarƙashinta sai ta ji. Wannan shi ne dalilin da nake gaya wa mutane. Akwai na biyu, wanda ya fi nauyi. Inna 'yar Tsibiri ce, can arewa da mu, ƙasar da Faransi ke mulki, aure ya kawo ta nan. Yaya ɗaya ta rage mata a duniya, rabonsu da ganin juna tun bikin aurena. Yanzu duk sun wuce hawan jaki. Sai dai gaisuwa ta bakin fatake, da ɗan ƙullin daddawa da ke zuwa, ɗan ƙullin goro ya koma.

Da na shiga yi mata sallama na ce, “Inna, za ni Gusau neman motar nan.”

Ta ce, “To, in ka tashi saye kak ka dubi kyawonta. Ka nemo wadda ba ta zabura, wadda za ta kai tsohuwa Tsibiri da ƙasusuwanta a haɗe.” Ta yi dariya, amma ta riƙe hannuna ya fi na kullum daɗewa.

Wata akwalar lori mai ɗauke da fatu muka hau, muka zauna bisa ɗauri. Ƙarshen bazara ne, zafi tun da hantsi, gabas kuma ta soma tara gajimare. Ko'ina manoma na sharar gona, ana ƙona tushiya, makiyaya sun matso da shanu bakin fadama. A Turba muka tsaya injin ya sha ruwa, mu ma muka sha. Na sayi fura da nono wurin wata Bafillatana, da yake direba na ta matsa ƙaho sai na biya har kuɗin ƙwaryar na hau da ita. Ba mu yi nisa ba lori ta faɗa wani rami, rabin furar ya koma gaban rigata. Mutane suka yi ta dariya. Ni kuwa ina goge riga ina tunanin bayan Inna. Nan na ƙudurta cewa ƙwaryar nan ita za ta zaɓa mini mota.

Na leƙa shago a Isa, muka wuce Shinkafi, inda muka ci tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi wanda har yanzu ina jin daɗinsa a harshe. Daga nan hanya ta zama gargada, ga rairayi, ga ramuka, har Kaura Namoda. Kaura garin jirgi ne, kowa sauri yake yi, har mai fura ba ta da lokacin gaisuwa, kuma abin da take damawa na kwabo bai kai rabin na Turba ba. Nan aka kai mu ga wani dillalin gyaɗa mai sayar da kitika, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya, doguwar ƙafa, ta sha duniya amma ba ta gaji ba. Abokina ya buɗe gabanta, ya kasa kunne, ya shiga ƙarƙashi ya fito fuska duk baƙin mai, yana murmushi kamar an yi masa albishir.

Ya ce, “Wagga ita ad daidai da hanyarmu. Rairayi, laka, duk tana ci.”

Na cika ƙwarya da ruwa, na aza bisa kujera, na ce a ja mu gani. Kafin mu kai tashar jirgi babu abin da ya rage ciki sai danshi. Dillalin ya dube ni ya dubi ƙwarya, ya tambayi abokina a asirce ko lafiyata ƙalau.

A Gusau na fara taka kwalta da ƙafata, na ga kantunan Kwara, Larabawan nan 'yan kasuwa, jere, da fitilun da ba a zuba musu kananzir. Wani Bakware ya nuna mana motarsa, ja wur, tana ƙyalli kamar sabuwar tasa. Ya rantse da abin da zai kashe shi cewa ba ta taɓa kwana gareji ba. Da aka tayar da ita sai hayaƙi ya turnuƙe mu, ƙofar baya kuma ashe da igiya aka ɗaure ta daga ciki. Ko ƙwarya ban fitar ba.

Ta uku ta wani Baturen kamfanin auduga ce da zai koma ƙasarsu. Baƙa ce, rufaffiya, fentinta ya dushe, amma kujerar baya faɗi gare ta da taushi, mutum zai iya miƙe ƙafa ya kishingiɗa. Abokina ya zagaya ta yana girgiza kai. Ya ce injin lafiya lau, sai dai cikinta ƙasa-ƙasa ne, motar kwalta ce, ranar da ta ga rairayin Gobir za ta durƙusa. Na aza ƙwaryata a baya. Baturen ya ja mu da kansa, muka bar kwalta muka bi wata hanyar shanu, muka dawo. Ruwan ya yi ta rawa, ya taɓa baki ya koma, amma abin da ya zube bai fi a shafa a fuska ba.

Matar Baturen tana tsaye a baranda tana kallonmu. Ta sa kukunsu ya tambaye ni ma'anar ƙwaryar, ko wani magani ne. Na gaya masa labarin Inna da yayarta, ya juya mata. Na zaci dariya za ta yi. Amma ba ta yi ba. Can ta yi magana a hankali, kuku ya ce, “Ta ce ita tata uwar ta rasu can ƙasarsu ita tana nan Gusau, kullum tana cewa sai hutu mai zuwa za ta je ganinta.” Ta shiga ciki ta fito da matasan kai biyu masu laushi, ta sa a kujerar baya da hannunta. Ban san abin da ake ce wa Baturiya a irin wannan wuri ba, sai na ce Allah ya ba ta haƙuri. Muka yi ciniki da mijin, abokina na ta hararata, na saya.

Muka ɗauro garewanin fetur a baya, domin daga Kaura babu inda za ka same shi, muka kamo hanya. Har Kaura tafiya kamar cikin kwalekwale, ina zaune a baya ina jin kaina wani hakimi. Bayan Moriki maganar abokina ta tabbata. Mota ta shiga rairayi ta zauna daram. Muka tona, muka tura, ta ƙara nutsewa. Wasu manoma suka bar sharar gona suka zo da karan dawa da tsohuwar zana suka shimfiɗa ƙarƙashin ƙafafun, suka sa kafaɗa da kabbara, ta fita. Haka muka yi ta yi, har na daina kakkaɓe riga. Abokina bai ce mini “na gaya maka” ba ko sau ɗaya. Sai dai duk sa'ad da muka kafe, yakan ɗaga kai sama ya ce, “Allah sarki, kitika.”

Muna Shinkafi hadari ya haɗo, aka yi ruwan fari kamar da bakin ƙwarya. Mutane na murna, yara na tsalle cikin ruwa, ƙamshin ƙasa ya cika gari. Ni kaɗai ne nake tunanin gulbin da ke gabanmu. Washegari muka iske gulbi kusa da Isa ya fara kawo ruwa, ya kai gwiwa. Samarin gari suka kewaye motar, rabi turawa rabi ɗauka, suka ƙetare da ita. Masu fito suka ce da mun ƙara kwana, da sai dai mu bar ta can.

Da la'asar muka shigo Sabon Birni, mota duk laka, jama'a na bin mu har ƙofar gida. Ban tsaya gaisawa ba. Ni da ƙanena muka ɗauko Inna, muka kwantar da ita a baya bisa matasan nan. Ta shafa kujerar, ta danna da yatsa, ta sake shafawa. Abokina ya ja a hankali muka zagaya gari. Ina ta kallon fuskarta ina jiran ta yamutsa, ba ta yamutsa ba.

Ta ce, “Wagga ai ta hi gadona daɗi. To, yaushe za mu?”

Da safe na tafi zango na tambayi fataken da suka sauko daga arewa. Suka ce ruwan da muka gani somin taɓi ne, can ya fi yawa, gulbi ya cika, fadamu sun zama taɓo, jaki ma da ƙyar. Babu motar da za ta bi hanyar nan sai kaka. Na daɗe a zaure kafin in iya shiga in gaya mata. Ta saurara har na gama, ta ɗan jima tana murza carbi, sannan ta ce, “Kaka ba nisa ga mai rai.”

Yanzu ina koyon tuƙi a filin bayan gari, in hanya ta ɗan sha iska mukan lallaɓa Isa mu dawo, har yarana sun fara sabawa da ganina a gida. Abin da tafiyar nan ta koya mini, mota ba a sayenta don hanya kaɗai, a dubi wanda zai zauna ciki. Abokina ya yi gaskiya, kitika ce ta hanyarmu, amma ko gobe aka sake ba ni zaɓi wannan za ni ɗauka. Na kuma gane cewa na yi shekaru ina jiran kasuwa ta ƙara kyau kafin in tashi, alhali tsufa ba ya jiran kasuwa.

Kowace yamma Inna takan sa a ɗauko ta a sa ta cikin motar, nan ƙofar gida inda take tsaye. Ta ce a juya gabanta arewa, aka juya. Jikoki su cika gefenta, tana lissafa musu garuruwan da za mu ratsa, da rijiyar da suke ɗiban ruwa suna 'yan mata, da tsamiyar da ke ƙofar gidansu, wadda ba ta sani ba ko tana nan. Jiya wani falke zai koma Tsibiri a ƙafa, ya biyo karɓar saƙo. Ta ba shi goro, ta sa ya dubi motar da kyau, ya zagaya ta, ya taɓa kujerar, don ya ba da labari yadda yake. Har ya juya zai tafi ta kira shi.

Ta ce, “Ka ce ma Yaya ga mota ta samu. Da an yanke gero ina tahe. Ka ce mata don Allah kat ta yi gaggawa, ta jira ni.”