Lambobin da Aka Cire wa Baba Jethro

Ni tela ce, shagona yana bakin titin da ya nufi garejin unguwar Television a Kaduna, kuma shekara da shekaru duk farkon Janairu Baba Jethro ne yake buɗe mini ciniki. Zai shigo da tsohuwar rigarsa ta soja a ninke cikin jarida, da lambobin yabonsa guda uku a wani gwangwani, ya ce, "Maman Debby, a ɗinka su daidai, kada ɗaya ta ɗara ɗaya." Daga nan ya tsaya a kaina ƙiƙam, sai ka ce yau na fara riƙe allura. Idan an gama bikin tunawa da 'yan mazan jiya kuma ya dawo in warware su, wai kada tsatsa ta ci masa yadi.

Mutumin wani ƙauye ne ta wajen Zonkwa. Daga gonar citta aka ɗauke shi soja a shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, yana saurayi ko gemu babu, ya yi yaƙin tun farko har ƙarshe, ya fito da muƙamin kofur. Bayan sallama ya yi gadi a wata masaƙa a Kakuri har ƙarfinsa ya ƙare. Matarsa Mary ta riga shi tafiya gida wurin Ubangiji, aka bar shi da 'yarsa Damaris, malamar firamare a Unguwar Boro. Ba ya labarin yaƙi, ko ka tsokane shi sai ya ce ruwa bai yi kyau bana ba. Amma ko ƙosai zai saya tafiyar fareti yake yi, ko da Fasto ya gamu sai ya ƙame masa kafin ya miƙa hannu. Mu 'yan zumuntar mata muna kiransa Janar, yana fushi a baki, yana jin daɗi a ciki.

Abin da ya jawo masa duk wahalar nan ya faru ne tun ranar da aka sallame shi, a wani bariki a Ikko, cikin shekarar 1979. Shi da kansa ya ba ni labari. Akawu ya cika masa littafin sallama, suna da lamba da shekarun aiki, saura shafin da ake jera lambobin yabo, wanda sai hafsa ya sa hannu ya buga hatimi. Hafsan ya yi tafiya, aka ce ya jira bayan Lahadi. A ranar kuma saƙo ya iso cewa mahaifinsa ya rasu. To a ƙauyensu ba a haƙa wa dattijo kabari sai ɗansa na fari ya sara ƙasar da fartanya da hannunsa, kuma Jethro ne na fari. Gawa tana kwance, dangi sun zauna suna jira, ga zafi. Wane ɗa ne zai tsaya jiran hatimi? Ya karɓi littafinsa haka, ya kama jirgin ƙasa. Lambobin dai suna aljihunsa, a gaban dubban mutane aka maƙala masa su, bai ga abin da takarda za ta ƙara musu ba.

Shekara ashirin babu wanda ya buɗe wannan shafi. Sai da soja suka miƙa wa farar hula mulki, aka shiga maganar tantance tsofaffin sojoji, nan fa kowane tsoho mai ɗingishi ya zama ɗan mazan jiya. Har a kasuwar gwanjo ana sayar da lambobi, ni kaina an kawo mini wasu in ɗinka wa wani da na san iyakar yaƙinsa da matarsa ne. Ƙungiyar tsofaffin sojojin unguwarmu ta yi sabon shugaba, wani Saja Ernest, wanda ya shiga soja bayan an gama yaƙi, ya ƙare aikinsa a sito yana ƙirga barguna. Ya kafa doka: ba mai sa lamba a fareti sai wadda ke rubuce a littafinsa. Dokar ba ta da laifi, ban ce tana da shi ba.

Ranar bikin, a Janairun 2000, sun jeru a filin makaranta kafin motar da za ta kai su cikin gari ta zo, mu kuma muna gefe muna kallo. Ernest yana bi ɗaya bayan ɗaya yana duba littafi yana duba ƙirji. Da ya zo kan Baba Jethro ya buɗe, ya juya shafin gaba da baya, ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Baba, nan fa fari fat ne. Ina ka samo waɗannan?"

"Oga, a filin daga na same su," in ji Baba.

"Kowa haka yake cewa. Abeg, cire su, ko ka fita daga layi."

Wani daga baya ya ce, "Na gwanjo ne!" aka fashe da dariya. Baba ya karɓi littafinsa. Ya ƙame, ya juya kamar yadda aka koya masa, ya tako har inda nake tsaye, ya ce, "Maman Debby, kina da reza?" Ina da ita, tela ba ta rabuwa da reza. A nan bakin filin na warware ɗinkin da na yi da hannuna, shi kuwa idonsa na kallon sama. Wallahi ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Bai koma layin ba, gida ya wuce.

Tun daga ranar ba shi da wata magana sai ta gyaran littafi. Ba fansho ya dame shi ba, abin da yake so a rubuta layi uku a shafin nan, ya kai wa Ernest a gaban mutanen da suka yi dariya. Ya je ofishin da ke kula da takardun tsofaffin sojoji, aka ce fayil ɗinsa yana Ikko. Damaris ta haɗa masa guzuri ya tafi Ikko, aka ce an kwashe fayil-fayil zuwa Abuja. A Abuja aka ce ba a kwance ɗaurin takardun ba tukuna, ya dawo bayan damina. Duk inda ya je sai ya goge takalmi ya ƙame wa yaron da bai kai ɗan cikinsa ba, a ce masa, "Baba, come back next week." Ya riƙa dawowa da ƙurar garuruwa a ƙafa yana ce mini, "An kusa, Maman Debby." Ni dai na daina amsawa, don ba na iya ƙarya da tsakar rana.

A ƙarshe wani hafsa mai ɗan tausayi ya gaya masa gaskiya: fayil ɗin ba zai fito ba, amma akwai hanya. Ya kawo mutum ɗaya da suka yi yaƙi a kamfani ɗaya, ya rantse cewa a gabansa aka ba shi lambobin, sai a cika shafin. Baba ya zauna a benci a shagona yana lissafa mutanen kamfaninsu da yatsu. Wannan ya mutu a daji, wannan a asibiti, wancan giya ta kashe shi. Mutum ɗaya ya rage, Malam Sani.

Malam Sani kowa ya san shi a Television, mai gyaran keke ne, gidansa na bayan namu. Tare suka shiga soja da Baba, tare suka fito, da Sallah tuwonsa na zuwa gidan Baba, da Kirsimeti shinkafar Baba na zuwa gidansa. Amma rikicin da aka yi a Kaduna a watan Fabrairun 2000 ɗin nan ya raba gari biyu, kogi ya zama iyaka. Musulmin da ke wajenmu suka haura arewa, Kiristocin can suka gangaro kudu. An ƙone gidan Malam Sani ƙurmus, da ƙyar ya tsira da iyalinsa, kuma tun daga lokacin ba wanda ya san inda ya sauka. Baba ya daɗe yana ja da baya. Ba tsoron haye gada yake ba, kunya yake ji, don mutanen unguwarsa ne suka yi ɓarnar, shi kuma yana kwance da zazzaɓi bai iya tare kowa ba.

Da dai ya ga ba makawa, ya haye. Ya yi ta tambaya wajen masu gyaran keke har aka kai shi wani lungu a Tudun Wada, ɗaki ɗaya na haya. Damaris ce ta raka shi, ita ta ba ni labari. Ta ce Malam Sani ya rame, ido ya fara mutuwa, amma yana jin murya ya ce, "Kofur Jatau!" don da sunan gida yake kiransa. Suka rungume juna suna kuka kamar yara. Baba ya fara ba da haƙuri kan gidan, Malam Sani ya ce, "Bar wannan maganar, kai ka ƙona?" Da ya ji abin da ya kawo su kuwa sai ya miƙe yana laluben hularsa. "Ni zan rantse da Alƙur'ani. Ina bayanka a layi ranar da aka maƙala maka su, har na taka maka dunduniya."

Suka ɗauki tsohon a mota har ofis. Akawu ya saurare su tsaf, sannan ya miƙa wa Malam Sani hannu ya ce, "Baba, kawo naka littafin sallamar, mu tabbatar kai ma soja ne." Littafin Malam Sani yana cikin akwatin da ya ƙone a Television. Akawun ya ce to ai ba shaida ke nan, wanda ba shi da takarda ba ya tsaya wa wani. Malam Sani ya tambaya yadda zai sami sabon littafi, aka ce ya kawo wanda suka yi kamfani ɗaya, mai cikakken littafi wanda ba a tuhumarsa. Ya juya wajen Baba Jethro, Baba ya sunkuyar da kai. Damaris ta ce haka tsofaffin biyu suka fito riƙe da hannun juna, suka rabu a bakin gada, kowa ya nufi nasa gefen. Kafin damina ta zagayo Malam Sani ya rasu.

Daga nan Baba ya saki. Ya daina goge takalmi, tafiyar faretin ta koma jan ƙafa. Janairu ya zo bai leƙo shagona ba, na ɗauki zare da allura na bi shi gida, ya ce in bari, ba ya son a sake cewa ya yi sata. Na ce masa duk Television ta san gaskiya, ya ce duk Television ta yi dariya. Ba ƙarya ya yi ba. Yara a layi sun riga sun sa masa suna Sojan Gwanjo, kuma iyayensu ba su hana ba. Na yi faɗa har na gaji, na ɓata da maƙwabta biyu, bai ƙara masa komai ba.

Shekarunsa na ƙarshe a kujerar roba ya yi su, a ƙofar ɗaki, yana kallon kaji. Hankalinsa ya fara zuwa yana dawowa. Wata Asabar da hantsi na kai masa kunu, na tarar Damaris tana yanke masa farce. Ya sha kaɗan ya ajiye kofin, ya daɗe yana kallon 'yar tasa, sannan ya tambaye ta a hankali, kamar mai tsoron amsar.

"Damaris, yaƙin nan, na je kuwa?"

Ta saki hannunsa, hawaye suka zubo mata. "Ka je, Baba. Tun farko har ƙarshe ka je."

Ya juyo wajena, na ce, "Ka je, Janar. Ubangiji shaida ne."

Ya gyaɗa kai, na ɗauka ya yarda. Can sai ya ce, "To, a ina aka rubuta?"