Gwangwanin Goggo

Kowa a layin nan, Anti yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Shagonta na ɗinki ɗaki ɗaya ne: keke huɗu, teburin yanka, da fankar da kukanta ya fi iskarta yawa. Shekara goma sha biyu tana biyan ma'aikatanta albashin wata, kowa daidai da kowa, don a ganinta zaman lafiya ke nan.

Ma'aikatan uku ne. Akwai Doguwa, akwai Amarya, wadda ta haifi huɗu amma sunan ya ƙi barinta, sai Goggo, ƙanwar mahaifin Anti, wadda ta koya mata taka keke tun ƙafarta ba ta kaiwa. Yanzu idon Goggo ya yi rauni. Kafin ta zura zare a allura, Doguwa ta gama haɗa hannun riga.

Doguwa ce ta fito fili. Ta ce ba za ta ɗinka riga shida a yini, wani ya ɗinka biyu, ƙarshen wata a biya su iri ɗaya ba. Shagon ƙetaren titi kan kowace riga suke biya, kuma sun yi mata magana. Amarya kuwa kai take gyaɗawa.

Anti ta juya maganar ta kowace fuska, ba mafita. Idan aka ci gaba da albashi, masu sauri su tafi, shago ya mutu. Idan aka koma biyan riga-riga, abin da Goggo za ta samu ko maganin idonta ba zai saya ba. Ta tsani zaɓin nan, ta kuma ji haushin kanta da ta san wanda za ta ɗauka.

Aka koma riga-riga. Kowacce aka ba ta gwangwani a gefen kekenta. Wadda ta gama riga ta jefa maɓalli ɗaya, ranar Asabar a juye a biya. Doguwa har da wasan jefawa daga nesa don a ji ƙara.

Sai Anti ta ɓullo da dabararta. Kullum in an tashi, tana shara, sai ta lallaɓa ta zuba maɓalli biyu ko uku a gwangwanin Goggo. Kuɗin daga aljihunta zai fita, wa ya sani? Har ta fara jin kanta mai wayo.

Ranar Asabar Goggo ta jira sauran suka fita. Ta juye gwangwaninta a teburin yanka, ta ware wasu da yatsa a hankali, ta tura ragowar gaban Anti.

“Sha ɗaya ne nawa, ’yar nan. Ido ne ya tafi, ba hankali ba.”

Anti ta fara rantse-rantse, Goggo ta ɗaga mata hannu.

“Ban koya miki ɗinki don ki ba ni sadaka a ɓoye ba.”

Kuɗin sha ɗaya ta karɓa, ta ƙulle a bakin gyale. Anti ta so ta yi kuka, kunya ta hana.

Ranar Litinin Goggo ta riga kowa zuwa, ta ɗinka rigunanta biyu. Da aka tashi, ta rufe gwangwanin da murfi, ta sa a jaka, ta tafi da shi gida. Anti na tsaye da tsintsiya, maɓalli uku a tafin hannunta, ba inda za ta zuba su.