Baƙin Mai a Filinmu na Bakin Titi

Filin da mahaifinmu ya bar mana a bakin titin Ɗambatta gareji ne tun ina firamare. Makanikai ne suka kama hayarsa, suna gyaran a-kori-kura da injinan ban-ruwa, kuma duk baƙin man da suka juye daga inji, ƙasa ce take sha. Da suka tashi suka koma kusa da tasha, sai Yaya, babban wanmu da ke kasuwanci a Kano, ya ce mu gina shagunan ajiyar hatsi da gyaɗa a wurin. Ni da nake zaune a gida aka ɗora wa aikin, shi kuma ya riƙe waya.

Magina suna fara haƙa harsashi ƙasa ta fito baƙa ƙirin, tana maiƙo, ga wari mai hawa kai. Ina tsaye ina kallo sai ga Baba, dattijon da gidansa da gonarsa ke bayan filin, ɗauke da bokitin ruwan rijiyarsa. Ya dire shi a gabana, ya ce in shinshina. Ban ma sunkuya ba, don mai yana yawo a saman ruwan. Ya ce ya daɗe yana haƙuri saboda mutuncin marigayi, amma tunda an tona, to a gyara.

Na je ƙaramar hukuma na zo da wata malamar tsaftar muhalli. Ta sa aka haƙa ramuka nan da can, ta ce man ya fi nitsewa a kusurwar da ake juye inji. Ana iya kwashe ƙasar a kai ta wani wuri, in akwai wurin. Ana kuma iya tara ta a cikin filin, a cakuɗa ta da taki, a riƙa juyawa ana yayyafa ruwa har man ya ruɓe, sai dai wannan yana cin lokaci. Daɓe wurin da siminti kuwa, ta ce ɓoyewa ne kawai, ba zai hana abin da ke ƙasa bin ruwa ba.

Da na kira Yaya, siminti kaɗai ya ji. Ya ce a zuba jar ƙasa a daɓe, wa zai leƙa ƙarƙashin daɓe? Na tuna masa rijiyar Baba, ya ce ai rijiyar ta tsufa. Sai da Baba ya kai magana gaban mai unguwa, surukin Yaya ya ji labari a masallacin Juma'a, sannan Yaya ya bugo mini waya yana faɗa, wai me ya sa ban kwashe ƙasar ba tun farko.

To, na kawo tifa, aka loda. Sai a lokacin tambayar da ya kamata mu fara yi ta taso: ina za a zuba? A yankinmu babu daji. Gona na ƙarewa wata ke farawa, ko burtali da ƙyar shanu suke bi. Direban ya ce ya san wani kududdufi a hanyar Makoda. Muna isa muka tarar da masu yin bulo da masu shayar da dabbobi, suka tsaya a bayan motar suka ce ko cokali ɗaya ba za a zuba ba. Gaskiyarsu ce, shi ya ƙara ba ni haushi. Muka juyo, tifa ta ɗaga baya ta juye ƙasar daidai inda aka ɗebe ta, masu shayi na tsallaken titi suna ta dariya.

Da yamma Yaya ya kira, wai wani abokinsa ya ce a cinna wa ƙasar wuta.

"Yaya," na ce, "don Allah ka zo ka cinna da hannunka, ka tsaya ka yi wa matan unguwa bayanin hayaƙin."

Ya kashe waya. Washegari ya aiko da saƙo cewa in yi yadda na ga dama, babu ruwansa.

Haka na koma ga taki. Muka shimfiɗa leda mai kauri a gefe ɗaya, muka baza ƙasar a kai kunya-kunya, muka zuba kashin kaji da takin shanu da ɓawon gyaɗa. Duk mako a juya da shebur. Da damina sai an rufe, kar ruwa ya wanke man zuwa gonar Baba. Da rani sai an sayo ruwa a kura an yayyafa. Mutane suna tsayawa da babur su tambaye ni ko me nake nomawa a gareji. Masarar gwaji da na fara shukawa ta fito rawaya, ta mutu. Na kusa kiran masu siminti da kaina.

Sai bayan damina ta biyu warin ya tafi, masara ta yi kore, malamar ta ɗebi ƙasar ta aika Kano aka gwada, aka ce a yi gini. Rijiyar Baba kam ba ta dawo ba, wata muka haƙa masa can gabas da gidan, muka rufe tsohuwar.

Ranar da aka buɗe shagunan, Yaya ya zo da abokansa cikin manyan riguna. Ina jinsa yana zagayawa da su, yana ba su labarin yadda ya dage sai an bi abin a hankali, don shi ba ya son aikin gaggawa. Ɗaya daga cikinsu ya juyo ya ce mini lalle na yi dace da babban wa. Na ce masa haka ne, Alhaji, na tafi duba masu sauke buhunan gero.