Ramin Niƙan Bahaguwa

Ku matso, ku aje abin da ke hannunku, ku ba ni aron kunne. Wannan ba tatsuniya ba ce, da ƙafata na je.

Ba a daɗe da cewa Turawa sun miƙa mulki ba, ina amarya a wani ƙauye wajen Gazara. A zamanin, in an gama zuba dawa a rumbu, mutane sukan haɗu su tafi kallon wani tsohon kufai da ke gindin dutse, ta hanyar Ikara. Akwai sauran ganuwa, akwai ramukan marina da ƙasa ta cike, ga kukoki manya. Samari su hau dutse, 'yan mata su yi gaɗa, a sha rake, a dawo.

Uwar mijina, wadda muke kira Inna, a kufan nan aka haife ta. A can uwarta ta rasu Inna tana ƙarama, kafin mutanen garin su sauko bakin hanya. Kabarin ya daɗe da zama gona. To, a shekarar nan ne cutar yana ta fara rufe idon Inna. Ta ce a kai ta, tana so ta ga ramin da uwarta take niƙa a kan falalen dutse tun duhu bai gama rufe ta ba.

Maigidana shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Ya ce, "Inna, da nisa fa, ga hawa."

Ta juyo wajena ta ce, "'Yar nan, gaya wa wancan na goya shi zuwa kasuwar Makarfi na dawo, ban ce ya yi nauyi ba. Ya ɗaura wa jaki akumari."

Muka isa da hantsi. Ramukan niƙa kuwa ga su nan birjik a kan falalen, tun daga ƙasa har can sama, kowane gida da nasa a da. Maigida ya dubi hawan, ya dubi ƙafafun uwarsa, sai ya nuna na farko. "Ai ga shi nan, Inna. Tsofaffi sun ce shi ne."

Ta durƙusa, ta shafa cikin ramin da tafin hannu. Ta daɗe tana shafawa.

"'Yar nan, gaya wa wancan tsofaffinsa sun iya tausayi, amma ba su iya niƙa ba. Wannan ya ci ta dama. Uwata bahaguwa ce."

Ya sunkuyar da kai. Na kama hannunta muka hau. Idon bai amfana mata komai ba, rana ma hawaye take sa shi. Da rarrafe ta bi ramukan, wannan ta ce a'a, wancan ta ce a'a. Gwiwarta ta goge har ta yi jini. Na fara tsoron ko babu shi, ko ruwan shekaru ya cinye. Masu gaɗa suka tsaya suna kallonmu.

Can kusa da wata tsamiya, hannunta ya tsaya. Ramin ya zurma ta hagu, sumul kamar cikin ƙwarya. Ba ta yi kuka ba. Ta kwance bakin zanenta, ashe gero ta ƙullo, cikin tafi ɗaya.

"Nemo ɗan dutse ki niƙa mini."

Na durƙusa na kama niƙa, ramin yana ta jan hannuna gefe, gero yana tsalle. Inna ta yi dariya har da tari. "Haka uwata take cewa in maƙwabta sun ara. Ramina ba ya son baƙo." Sai ta ɗora hannunta a kan nawa ta karkata shi hagu, niƙa ya tafi.

Da garin nan na dama mata kunu da muka koma. Ta shanye, ba ta rage wa kowa ba, kuma ba ta ƙara tambayar kufai ba.

Idon ya rufe gaba ɗaya kafin damina. Ta yi shekaru bayan haka tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki, ta rasu cikin azumi, Allah ya jiƙanta. Maigida ya koma noman rake wajen Kudan, a can muka yi sauran zamanmu, a can aka binne shi. Ni ce na saura, ina zaune wurin ɗiyata ta ƙarshe.